Ranar da Amazon ya ɓoye littattafai 57,310: wa ya kamata ya riƙe makullin rumfar littafi?

A ƙarshen makon bikin Ista na shekarar 2009, marubuta da dama a Amurka da Ingila sun wayi gari sun tarar littattafansu sun yi ɓatan dabo a Amazon, kamfanin da ya fi kowane sayar da littafi ta intanet. Ba a kwashe littattafan daga shagon ba. Wanda ya san sunan littafi daidai yana iya lalubo shi ya saya. Abin da aka cire shi ne lambar da ke nuna matsayin kowane littafi a jerin ciniki. Da zarar wannan lamba ta tafi, littafin ba ya ƙara fitowa cikin jerin waɗanda suka fi kasuwa, kuma idan mai saye ya rubuta maudu'in da yake nema, sai littafin ya nutse can ƙasa ko ya ƙi fitowa sam. Galibin littattafan da aka fara lura da su suna magana ne a kan ƴan luwaɗi da ƴan maɗigo, ko kuma marubutansu suna cikin waɗannan mutane.

Mai karatu a Maradi, Tawa ko Damagaram zai iya jin wannan labari ya ce madalla, domin matsayin mafi yawan jama'ar yankin a kan neman jinsi ɗaya sananne ne, kuma daga addini da tarbiyya ya samo tushe. Amma labarin bai tsaya inda ya fara ba. Bayan shekara 10, kamfanin nan dai ya kwashe littattafan masu adawa da luwaɗi daga shagonsa. Bayan wasu shekaru 3 kuma ya koma ya toshe na ƴan luwaɗin a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Duk ɓangaren da ya yi tafi a wani zagaye, ya yi kuka a zagaye na gaba.

Saboda haka tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce: shin ya dace kamfani ɗaya ya riƙe ikon ɓoye littafi daga idon miliyoyin mutane, ba sanarwa, ba dalili, ba inda za a kai ƙara? Amsar ita ce bai dace ba, ko da kuwa littafin da aka ɓoye wanda mutum ya ƙi jini ne.

Abin da ya faru a watan Afrilun 2009

Wani marubuci Ba'amurke mai suna Mark Probst ne ya tayar da maganar. Da ya ga littafinsa ya rasa lambar matsayi, sai ya rubuta wa kamfanin yana neman bayani. Amsar da aka aiko masa ta ce Amazon yana cire kayan da ya ɗauka na manya ne daga wasu sakamakon bincike da kuma jerin littattafan da suka fi kasuwa, don la'akari da dukan abokan cinikinsa. A yaren ƴan kasuwar littafi, kayan manya na nufin batsa. Probst ya wallafa amsar a intanet, kuma kafin ranar Lahadi 12 ga Afrilu ta ƙare, maudu'in #amazonfail ya mamaye shafin Twitter, wanda yanzu ake kira X.

Mutane suka shiga tattara sunayen littattafan da abin ya shafa, jerin kuwa ya ba da mamaki. Akwai Giovanni's Room na James Baldwin, ɗaya daga cikin manyan marubutan baƙar fata na Amurka, wanda ya fito tun 1956. Akwai Maurice na E. M. Forster, da Brokeback Mountain na Annie Proulx, da littafin masanin falsafa ɗan Faransa Michel Foucault a kan tarihin jima'i, wanda ake karantarwa a jami'o'i. Akwai tarihin rayuwar Paul Monette da ya ci babbar kyautar littafi ta Amurka a 1992. Har da wani littafin yara ƙanana a kan iyali mai uwa biyu. Wasu daga cikin waɗannan littattafai suna da wuraren da suka yi bayanin jima'i, wasu kuma babu ko layi ɗaya na batsa a cikinsu. A daidai lokacin, kundin hotunan tsiraici na mujallar Playboy yana nan da lambarsa, ba wanda ya taɓa shi.

Wani abu kuma ya ƙara hura wutar. Wanda ya rubuta kalmar luwaɗi da Turanci a gurbin bincike a waɗancan kwanaki, littafin da ke fito masa a sahun gaba shi ne na wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Joseph Nicolosi, wanda ke koya wa iyaye yadda za su hana ƴaƴansu zama ƴan luwaɗi. An share sauran, sai nasa ya hau sama. Sunan wannan mutum zai sake fitowa a labarin.

Dubban mutane suka sa hannu a takardar koke, wasu suka yi kiran a ƙaurace wa shagon. Da farko kamfanin ya ce tangarɗar na'ura ce. Ranar Litinin 13 ga Afrilu ya fitar da cikakken bayani, ya ce kuskure ne mai ban kunya da aka tafka wajen rarraba littattafai rukuni-rukuni, kuma ya shafi littattafai 57,310 a sassa da dama, ciki har da na lafiya da na likitancin haihuwa. Cikin ƴan kwanaki lambobin suka dawo.

Kuskure ne ko da gangan?

Har yau akwai masu cewa da gangan aka yi. Hujjarsu ita ce wani marubuci, Craig Seymour, ya koka da irin wannan matsala tun watan Fabrairun shekarar, shi ma kuma an gaya masa littafinsa na manya ne. Wani ɗan kutse ya fito ya ce shi ya haddasa rikicin, kamfanin bai amince da wannan ba. Wata jarida a Seattle, birnin da hedkwatar Amazon take, ta ruwaito cewa wani ma'aikaci ne a Faransa ya cike wani gurbi ba daidai ba a rumbun bayanan kamfanin, kuskuren ya bazu zuwa sauran ƙasashe.

Clay Shirky, malamin jami'a mai nazarin intanet, ya rubuta a makon cewa fushin jama'a ya riga hujja isa, kuma da bayani ya fito da yawa sun ƙi sauka daga kan fushin, sai suka nemo masa wani dalili. Wannan gargaɗi ne da ya kamata duk mai amfani da Facebook da WhatsApp ya riƙe, domin zuga ta fi gyara saurin tafiya.

Sai dai ko an yarda kuskure ne, maganar ba ta mutu ba. Na farko, kuskuren ya tona cewa akwai maɓalli a cikin shagon wanda idan aka danna shi littafi zai ɓace daga ido alhali yana nan a kan kanta, kuma masu saye ba su san da shi ba. Na biyu, ya nuna mutum ɗaya a wani ofishi zai iya danna shi a kan littattafai fiye da 57,000 ba tare da wani ya duba bayansa ba. Na uku, ragar da aka jefa ba ta tantance kifi. An ce batsa ake farauta, sai aka kamo littafin adabi, littafin jami'a da littafin lafiya. Mace mai neman bayani a kan matsalar haihuwa, da ɗalibin likitanci, da matashin da ke cikin damuwa yana neman abin karantawa, duk ragar ta rufe musu hanya a lokaci ɗaya. Kuma ambaton wani rukuni na mutane kawai a cikin littafi ba ya mayar da shi batsa, kamar yadda ambaton giya a littafin fiƙihu bai mayar da shi tallar giya ba.

Da ba don waɗanda abin ya shafa marubuta ne masu baki ba, da wataƙila an yi watanni ba wanda ya sani.

Yadda reshe ya juye da mujiya

A watan Yulin 2019, Amazon ya cire littattafan Joseph Nicolosi daga shagonsa, bayan wata takardar koke da dubun-dubatar mutane suka sa wa hannu. Masu koken sun kafa hujja da cewa manyan ƙungiyoyin likitoci da masana halayya na Amurka sun yi watsi da hanyar da yake koyarwa ta sauya sha'awar mutum, sun ce tana cutarwa. Littafin da ya hau sama a 2009 shi ne aka fitar daga ƙofa a 2019, kuma wannan karon ba lamba aka cire ba, littafin ɗungurungum aka ɗauke.

A watan Fabrairun 2021 aka sake cire wani, When Harry Became Sally na Ryan Anderson, wanda ke sukar masu sauya jinsi. Littafin ya shafe kusan shekara 3 ana sayar da shi a shagon. Marubucin ya ce ba a sanar da shi ba, daga bakin wani mai son saye ya ji. Sai da sanatoci huɗu na jam'iyyar Republican, cikinsu har da Marco Rubio da Josh Hawley, suka rubuta wasiƙa, sannan kamfanin ya amsa a watan Maris cewa ya zaɓi ya daina sayar da littattafan da ke kwatanta irin waɗannan mutane a matsayin masu taɓin hankali. Anderson ya musanta cewa littafinsa ya faɗi haka. A watan Fabrairun 2025, makonni kaɗan bayan Donald Trump ya koma fadar White House, littafin ya dawo kan kanta.

A tsakanin waɗannan shekaru, a watan Yunin 2022, jaridar New York Times ta ruwaito cewa hukumomin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun ba Amazon wa'adi tare da barazanar hukunci, kamfanin kuma ya toshe kalmomin bincike fiye da 150 da suka shafi masu neman jinsi ɗaya a shagonsa na ƙasar, ya kuma cire wasu littattafai, ciki har da Bad Feminist na Roxane Gay. Amsar kamfanin ita ce yana nan a kan aƙidarsa ta kare haƙƙin waɗannan mutane, amma dole ya bi dokar kowace ƙasa da yake ciniki. Hakan ya faru ne a watan da kamfanonin Amurka, har da shi, suke bikin nuna goyon baya gare su a gida.

Abin bai tsaya a kan jinsi ba. A watan Disambar 2021 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton cewa Amazon ya rufe wurin da masu saye ke bayyana ra'ayi a kan littafin jawaban shugaba Xi Jinping a shagonsa na China, bayan hukumomin ƙasar sun nuna rashin jin daɗin wani sharhi da bai yabi littafin ba.

Idan aka jera waɗannan shekaru, 2009, 2019, 2021, 2022 da 2025, ba za a ga aƙida ɗaya da ta ratsa su ba. Abin da za a gani shi ne ɗan kasuwa mai duba inda iska ta kaɗa. Mai ra'ayin riƙau da ya yi murna a 2009 ya sha kashi a 2019. Mai fafutukar da ya yi murna a 2019 ya sha kashi a 2022. Maɓallin ɗaya ne, hannun da ke matsa wa kamfanin lamba ne ke sauyawa.

Hujjar mai shago

Akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma bai kamata a raina ta ba. Amazon ba gwamnati ba ne. Mai rumfar littattafan addini a kasuwar Dole ta Damagaram ba wanda zai tilasta masa ya ajiye littafin soyayya, haka mai sayar da littattafan lakwal a Yamai yana da ƴancin zaɓen abin da zai ɗora a kan teburinsa. Iyaye kuma suna da haƙƙin kare ƴaƴansu daga abin da bai dace da shekarunsu ba, kuma ba wanda ke son yaro ya rubuta wata kalma a waya batsa ta zubo masa.

Duk wannan gaskiya ne. Bambancin yana wuri biyu.

Na farko shi ne girma. Idan mai rumfa ya ce ba shi da littafi, mai saye zai taka zuwa rumfa ta gaba. Wani rahoton kwamitin majalisar wakilan Amurka na shekarar 2020 ya ce Amazon ne ke sayar da fiye da rabin littattafan takarda a ƙasar, da fiye da kashi 80 cikin 100 na littattafan da ake karantawa a na'ura. Kamfanin da ya fara sayar da littafi a 1995 ya saye Audible mai littattafan saurare da AbeBooks mai tsofaffin littattafai a 2008, ya saye Goodreads, dandalin da masu karatu ke ba juna shawara, a 2013. Wanda ya kai wannan girma ya wuce mai rumfa, ya zama sarkin kasuwa. Idan ya juya wa littafi baya, mawallafa ma za su yi tunani sau biyu kafin su buga irinsa gobe.

Kuma ya nuna yana iya amfani da wannan ƙarfi ko don kuɗi kawai. A watan Janairun 2010 ya cire maɓallin saye daga littattafan kamfanin Macmillan saboda saɓani a kan farashi. A 2014 ya riƙa jinkirta aika littattafan kamfanin Hachette tsawon watanni saboda irin wannan rigima, har marubuta fiye da 900 suka sa hannu a wasiƙar ƙorafi da aka buga a New York Times.

Na biyu shi ne ɓoyewa. Mai rumfar da ya ce ba ya sayar da irin wannan littafi ya yi wa mai saye gaskiya, ko da amsar ba ta yi daɗi ba. Wanda ya bar littafin a shago, ya kuma nuna wa mutane jerin da ya ce na waɗanda suka fi kasuwa ne alhali ya zare wasu a asirce, algus ya yi. Daidai yake da mai awon hatsi da ya bubbuge gindin tiya ta ciki: mai saye yana ganin an cika masa, bai san an rage ba. Jerin ciniki ma'auni ne, kuma ma'aunin da aka taɓa a ɓoye ya tashi daga ma'auni.

Iyakar fushin masu saye

Masu son labari mai daɗin ƙarshe suna tuna 2009 a matsayin ranar da sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Akwai gaskiya a ciki. Cikin kwana biyu kamfani mai ƙarfin gaske ya fito ya amsa laifi, abin da da wuya wasiƙar mutum ɗaya ta sa ya yi.

Amma ya kamata a duba su wane ne suka yi fushin. Marubuta ne, editoci, ƴan jarida da malaman jami'a a New York da Landan, masu katin banki a aljihu, a kasuwar da kamfanin ya fi cin riba. A 2022 ma an yi suka a jaridu game da abin da ya faru a Daular Larabawa, amma kamfanin bai janye ba, domin a can gwamnati ce ke riƙe da lasisin cinikinsa. Fushin mai saye yana da nauyi ne daidai da nauyin aljihunsa da kuma kusancinsa da kafofin watsa labarai. Ƙorafin ɗalibi a jami'ar Abdou Moumouni ko na ɗan ci-rani a Dubai ba zai girgiza kowa a Seattle ba.

Ban da haka, fushin taro ba alƙali ba ne. Makamin da ya dawo da littattafai a 2009, wato takardar koke da matsin lamba ta intanet, shi ne ya fitar da wasu a 2019. Idan yawan ihu ne zai yanke hukuncin abin da za a karanta, to kowane littafi yana jiran ranar da masu ƙinsa za su fi masu sonsa ƙarfin murya. A ƙasashen da Musulmi ke ƴan tsiraru, ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane littattafan wa irin wannan guguwa za ta iya shafa wata rana.

Inda abin ya taɓa masu karanta Hausa

Ƴan Nijar mazauna Faransa, Beljiyam, Amurka da ƙasashen Larabawa suna saye a waɗannan shaguna kamar kowa. Wanda ke Dubai yana shiga Amazon.ae, shagon da ya maye gurbin Souq bayan Amazon ya saye shi a 2017. Shi da ɗan'uwansa da ke Lyon za su iya rubuta kalma ɗaya su ga shago biyu daban, ba tare da ɗayansu ya san an tace masa ba.

Masu karanta littattafan Hausa kuma sun san tacewa ta wata fuskar. A 2007 gwamnan Kano na lokacin, Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona littattafan soyayya a wata makarantar ƴan mata, hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar kuma ta nemi marubuta su yi rajista. Littattafai ne irin waɗanda ake tsallako da su iyaka ana karantawa a Maradi da Damagaram. Wasu sun yaba matakin, wasu sun soke shi. Amma ko me mutum ya ɗauka a kai, wutar tana da hayaƙi: kowa ya ga wanda ya kunna ta, marubuta suka san da wa za su yi muhawara. Tacewar na'ura ba ta da hayaƙi. Marubuciya za ta ga ciniki ya ja baya ta ɗauka kasuwa ce ta mutu.

Yau da yawa daga marubutan Hausa, musamman mata, sun koma waya. Suna fitar da labari a Wattpad, suna sayarwa a WhatsApp da Telegram, ana karanta littattafansu da murya a YouTube. Duk waɗannan rumfuna ne na haya, masu su suna wata nahiya, dokokinsu kuma ba da Hausa aka tsara su ba. Rufewar OkadaBooks a ƙarshen watan Nuwambar 2023, dandalin Najeriya da marubutan Hausa ma ke sayar da littafi a kansa, ba tacewa ba ce, matsalar kasuwanci ce. Amma ta nuna yadda rumfar intanet ke iya tashi dare ɗaya.

Hatta littafin da mutum ya biya kuɗinsa ba lalle ya zama nasa ba. A watan Yulin 2009, wata uku bayan rikicin Ista, Amazon ya shiga na'urorin karatu na Kindle daga nesa ya goge wasu kwafin littattafan George Orwell guda biyu, 1984 da Animal Farm, saboda wanda ya ɗora su ba shi da izinin sayarwa. An mayar wa mutane kuɗinsu, shugaban kamfanin Jeff Bezos ya nemi gafara, wani ɗalibi a jihar Michigan da aikin makarantarsa ya lalace ya kai ƙara, aka sasanta a kan dalar Amurka 150,000. Littafin 1984 ɗin kuwa labarin gwamnati ne da ke goge rubutu don ta sauya tarihi.

Abin da ya kamata a nema

Neman a tilasta wa kowane shago ya sayar da kowane littafi ba zai yiwu ba, kuma ba adalci ba ne. Abin da zai yiwu shi ne a hana tacewa a asirce.

Idan shago ya cire littafi ko ya danne shi a bincike, ya rubuta hakan a fili a shafin littafin. Idan dokar wata ƙasa ce ta sa, ya ambaci ƙasar da dokar, domin ƴan ƙasar su san gwamnatinsu ce ta yanke hukuncin, su yaba ko su ƙalubalanta. Ya sanar da marubuci da mawallafi dalili, ya kuma buɗe musu hanyar ɗaukaka ƙara gaban mutum mai rai. Game da yara kuwa, maɓallin tacewa ya koma hannun iyaye da mai saye, kowa ya kunna ko ya kashe a wayarsa, maimakon ma'aikaci ɗaya ya yanke wa duniya hukunci.

Wannan ba mafarki ba ne. Dokar Tarayyar Turai a kan hidimomin intanet, wadda ta fara aiki a kan kowa a watan Fabrairun 2024, ta wajabta wa dandali ya bayar da dalili idan ya cire abu ko ya rage ganinsa, ya kuma samar da hanyar ƙorafi. An sa shagon Amazon cikin manyan dandalin da dokar ta fi tsananta wa tun Afrilun 2023, kamfanin kuma ya garzaya kotu yana ƙalubalantar hakan. Faransa ta bi wata hanyar: tun 1981 take da dokar farashin littafi ɗaya a ko'ina, kuma daga Oktoban 2023 ta sa mafi ƙarancin kuɗin aike na yuro 3 a kan odar littafi da ba ta kai yuro 35 ba, don ƙananan shaguna su rayu. Inda rumfuna suke da yawa, rufewar ɗaya ba ta kashe littafi.

Marubucin Hausa ba sai ya jira doka ba. Ya ajiye kwafin aikinsa a hannunsa, ya raba shi a dandali fiye da ɗaya, ya riƙe hanyar da zai isa ga masu karatunsa kai tsaye, kuma kada ya yi watsi da bugun takarda. Mai karatu a ƙasar waje, idan ya nemi littafi bai gani ba, ya leƙa ɗakin karatu na gari, ko shagon unguwa, ko wurin mawallafin, kafin ya yanke cewa babu shi.

Wanda bai yarda da abin da ke cikin littafi ba yana da hanyoyi a buɗe: ya ƙi saye, ya hana a gidansa, ya yi wa'azi a kai, ya rubuta nasa littafin ya mayar da martani. Duk waɗannan a fili ake yinsu, kuma mai yi yana ɗaukar nauyin maganarsa. Miƙa wannan aiki ga kamfanin da ya sauya matsayi sau da dama cikin shekara 16 caca ce, kuma tarihin da ke sama ya nuna ba ɓangaren da ya ci ta har ƙarshe. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A kasuwar littafi ta intanet, ko gemun abokin adawa ne ya kama, shawarar ba ta canza ba.